Jan Farce a Kan Sukuru

Da ƙarfi na dire akwatin kwamfutar a kan teburinsa, har gwangwanin sukurorinsa ya tuntsure suka watse a ƙasa.

"Ga ta nan! Ka mayar da abin da ka cire!"

Mai Gyara bai ɗago ba. Sai da ya ƙarasa ɗaure abin da ke hannunsa, ya ajiye sukundireba a hankali kamar ba da shi nake ba, sannan ya dube ni da idanun nan nasa da mako biyu rabona da su.

"Sallama ma ta gagara?"

"Ba sallama ta kawo ni ba!"

"Na ga alama."

Wannan sanyin nasa shi ya fi komai ƙona mini rai. Na hau bene hawa biyu rungume da akwatin ƙarfe, mayafina ya zame, gumi ya wanke mini hoda, shi kuma yana zaune yana tambayata sallama!

Kwamfutar Baba ce. Tsohuwa ce tukuf, a da fara ce amma yanzu ta koma ruwan ƙasa, in ta tashi ƙarar fankarta har tsakar gida. Baba malamin makaranta ne, shekara talatin da biyar yana riƙe da alli. Da idonsa ya raunana rubutu ya gagare shi, sai ya koma zama gabanta kullum da hantsi, yana magana tana ɗauka. Labarin yarintarsa, yadda ya haɗu da Umma, da nasihohin da ya san in ya tara mu ba za mu zauna mu ji ba. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Duk abin da ya rage mana na muryarsa yana cikin akwatin nan, babu kwafinsa a ko'ina.

Mai Gyara ne ya haɗa masa makirufo tun farko, shi ke zuwa duba ta in ta yi gardama, ni kuma nake kai musu shayi. Daga shayi aka koma gaisuwa, daga gaisuwa zuciyata ta tafi ba ta yi shawara da ni ba.

Yaya bai taɓa sonsa ba. Tun da Baba ya rasu gidan ya dawo hannunsa, kullum maganarsa ɗaya ce, wai ƙanwarsa mai digiri ba za ta ƙare a shagon da bai fi akurki ba. Shi abokinsa yake so mini, wanda duk unguwa ke kira Ɗan Gayu, mutumin da turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Umma kuwa ta yi shiru, tun rasuwar nan ba ta son hayaniya.

Mako biyu da suka wuce na daure na kira Mai Gyara ya zo ya kaɗe mata ƙura, da nufin in ya dawo ƙarshen mako ya kwafe muryar Baba. Ya buɗe, ya share, ya ɗaure, ta tashi lafiya lau a gabana. Bayan kwana uku na danna maɓalli, fitila ta kama, fanka ta juya, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin da wani ɗan farin rubutu a sama. Na kashe na kunna ya fi sau ashirin.

Ɗan Gayu yana falo ranar. Ya leƙo, ya girgiza kai, ya ce, "Ai masu gyaran nan halinsu ke nan. Ya cire faifan ajiyar ya sa miki matacce. Yanzu haka ya goge ya sayar."

Ban tsaya tunani ba. A gaban Umma da Yaya na kira Mai Gyara a waya, na ce masa ɓarawo, na ce ya ci amanar mamaci, na kashe, na toshe lambarsa.

"Gobe Yaya zai ba Ɗan Gayu ita," na ce wa Mai Gyara yanzu a shagonsa. "Wai zai kai a goge komai a zuba mata sabon tsari. Shi ya sa na sato ta. In akwai sauran tsoron Allah a zuciyarka, ka dawo mini da muryar ubana!"

Sai a lokacin na ga fuskarsa ta canja.

"A goge? Wa ya ce a goge?"

"Ina ruwanka?"

"Auta, zauna."

"Kar ka ƙara kirana Auta! Baba ne kaɗai..."

"To Hajiya, zauna. Ko ki tsaya, duk ɗaya ne. Amma ki buɗe idonki da kyau, don kar gobe ki ce na yi miki siddabaru."

Ya jawo allo da kibod ya haɗa, ya sa wuta, ya danna. Fanka ta ɗauka. Can sai ta yi ƙara ɗaya, ƙit.

"Kin ji?"

"Na ji me?"

"Kuka ɗaya. In da ciwon a ƙwaƙwalwarta yake, da sai ta yi ta kuka a jere. Ɗaya tana nufin ta duba jikinta ta ga lafiya." Ya nuna farin rubutun da ɗan yatsa. "Wannan kuma cewa take ta nemi faifan da za ta tashi da shi ba ta gan shi ba."

"To ai shi ne! Don ka cire shi!"

Ya runtse ido, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya kwantar da kunnensa a jikin akwatin ya saurara, sannan ya matsa gefe.

"Zo ki sa kunnenki nan."

"Ba zan sa ba."

"Kin hau bene da ita, amma sunkuyawa ta gagare ki?"

Na harare shi, na sunkuya. Ƙarfen da ɗumi. A ƙarƙashin ƙugin fankar akwai wani ɗan siririn sauti, zuuu, mai tafiya bai yankewa.

"Faifan ne yake juyi," ya ce. "Matacce ba ya juyi."

Amma bakina bai yarda ba. "Wa ya sani ko wani ne ka sa?"

"Madalla. Bari mu buɗe."

Ya kashe, ya zare wayar wuta, ya juyo da bayan akwatin. Ya ɗaga sukundireba ke nan sai hannunsa ya tsaya cak a sama. Ya matso da fitilar teburin, ya ƙura wa sukurorin ido.

"Mene ne kuma?"

Ya buɗe aljihun tebur ya ciro wata 'yar kwalba ya dire a gabana. Jan farcena ne, ruwan hoda mai duhu, wanda na ba shi bara yana yi mini dariya. Shi haka yake aikinsa: duk sukurun da ya ɗaure sai ya ɗiga masa jan farce a gefe, rabi a kan sukurun rabi a jikin ƙarfe. In wani ya kwance bayansa, ɗigon zai tsage. Har tsokanarsa nake yi, ina cewa kwamfutocin gari duk sun fi ni ado.

"Ranar da na ɗaure ta kina tsaye," ya ce. "Ke kika riƙe mini kwalbar. Dubi."

Na duba. Duka ɗigo biyun sun tsage, sun ɓare. Kan sukurorin kuma ya ci, ya yi kaca-kaca kamar an gwaguye shi.

"Shekara tara ina wannan sana'a. Kin taɓa ganin na ci kan sukuru haka? Wannan ba da sukundireba aka kwance shi ba."



Da ƙyar ya kwance su ya zare murfin. Ga faifan nan a mazauninsa, sukurorinsa huɗu da ɗigon jan farce lafiya ƙalau. A bayansa akwai 'yar farar takarda manne, da rubutun Baba na ƙarshen rayuwarsa, manya-manyan haruffa a karkace: NA AUTA.

Ban san da takardar nan ba. Na zauna a kan kujerar da na ƙi zama ɗazu.

"Ga ciwonta," ya ce, yana nuna wata waya mai faɗi ruwan toka da ke lilo a ciki. "Wayar wuta tana jiki, shi ya sa yake juyi. Wannan da ke kai saƙo tsakaninsa da sauran injin ita aka fizge. Ba ta fita da kanta, sai an ja."

Ya karkata akwatin don haske ya shiga, sai wani abu ya gangaro ya yi ƙara a kusurwa. Ya sa hantsaki ya ɗauko shi ya ɗora a tafin hannuna. Ɗan guntun ƙarfe ne mai sheƙi, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, mai tsini.

Na san shi. Wallahi na san shi! Kwana goma sha ɗaya Umma tana mita a kicin, wai wane mara mutunci ne ya karya mata tsinin wuƙarta mai baƙin ƙota.

"Haɗa ta," na ce da ƙyar. "Don Allah haɗa wayar in ji..."

"A'a."

Na ɗago. "Me ka ce?"

"Na ce a'a!" Karon farko ke nan da na ji ya ɗaga murya tun da na san shi. "A gaban mahaifiyarki kika kira ni ɓarawo. A gaban yayanki! Mutumin da ya zaunar da ni a kan tabarmarsa, ya kira ni ɗansa, kika ce na ci amanarsa yana kabari. Kin san kwana nawa na yi ban iya cin abinci ba? Ko tambaya ɗaya ba ki yi mini ba, Auta. Ɗaya! Wani mai ƙamshin turare ya buɗe baki, shi ke nan na zama ɓarawo!"

"Raina ne ya ɓaci..."

"Ni kuma ba ni da rai ko? Sau nawa na ce miki a kwafe muryar nan? Kika ce ba ki shirya ba, na ƙyale ki don ina tausayinki. Yau da ba ki sato ta ba, gobe war haka an goge, kuma har ki mutu kina cewa ni ne!"

Hawaye suka zubo mini. Haushinsa nake ji don ya yi gaskiya, haushin kaina kuma ya fi.

Ya mayar da murfin ya rungumi akwatin. "A inda aka zubar mini da mutunci, a nan zan haɗa ta. Tashi mu je."

Muka shiga tasi. Guntun ƙarfen yana dunƙule a hannuna har ya huda mini fata.

Tun daga ƙofar gida na ji turaren. Ashe Ɗan Gayu bai ma jira goben ba, yana zaune a falo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, Yaya yana zagaye yana huci.

"Ina kika kai ta?" Yaya ya daka mini tsawa. Sai ya ga wanda ke bayana. "Kai! Uban wa ya ba ka izinin shigo mana gida?"

"Ni ce," na ce.

"Ke? Ni kike mayar wa magana?"

"Yaya, ka yi haƙuri, yau kam sai an ji ni. Umma! Umma, don Allah fito da wuƙarki mai baƙin ƙota!"

Umma ta fito tana goge hannu a zani, wuƙar a hannunta, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Mai Gyara ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ta amsa a ciki-ciki.

Na karɓi wuƙar na kwantar a kan tebur, na ɗora guntun a bakinta. Ya zauna daram.

"A cikin kwamfutar Baba muka same shi," na ce. "Umma, wa kika ba wuƙar nan?"

Ta yi tunani, sai na ga idonta ya tafi kan kujerar da Ɗan Gayu ke zaune.

"Ranar da yayanki ya shiga wanka ya bar baƙonsa... ya ce in ara masa zai ɓare lemo." Ta ƙara matsowa. "Kuma da na zo kwashe faranti, lemon nan ko ɓawonsa ba a taɓa ba. Har na ce a raina yaron nan bai son lemo."

Ɗan Gayu ya sauke ƙafarsa. "Haba Umma, ni fa dubawa kawai na yi, don in taimaka..."

"Ka taimaka?" Na ji kaina yana wuta. "Ka fizge waya, ka zauna kana kallona ina kuka, ka ce an sayar da muryar ubana! Kuma ka zo ka ɗauka ka kai a goge don kar asirinka ya tonu!"

"Ke, saboda ke na yi! Wannan mai dattin hannun bai dace da..."

"Rufe mini baki!" Yaya ne. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. "Muryar ubana ce a ciki. Ubana! Da hannuna zan miƙa maka ita ka goge?"

"Abokina, tsaya ka ji..."

"Fita. Fita tun ban yi abin da zan yi nadama ba!"

Ya fita har yana tuntuɓe da takalmansa. Turarensa kuwa ya daɗe bai bi shi ba.

Mai Gyara ya miƙe. Ya kai akwatin ɗakin Baba ya ɗora a kan teburinsa, muka bi shi muka tsaya a kansa. Ya zare murfin, ya kama wayar mai faɗi, ya daidaita bakinta, ya tura a hankali har ta zauna. Ya sa wuta ya danna.

Ƙit.

Allo ya yi baƙi. Farin rubutun nan ya dawo.

"Innalillahi..." Umma ta dafe ƙirji.

"Ya lalata ta," na ce. "Shi ke nan, ya kashe ta!"

"Ki bar ni in yi aikina."

Ya sake kunnawa yana danna wani maɓalli a jere, sai wani shuɗin shafi ya fito. Ya nuna sama.

"Dubi kwanan watan. Ta koma shekarar da aka ƙera ta. Akwai ɗan batir a ciki mai riƙe mata tunani, ya tsufa. Da kika zare ta daga wuta kika yi yawo da ita, sai ta manta ta inda za ta fara. Amma ga sunan faifan nan, yanzu tana ganinsa."

Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro batir kamar maɓallin riga. Ya kashe, ya ɓamɓare tsohon ya sa sabon, ya koma shuɗin shafin ya gyara kwanan wata, ya ɗora faifan a farko. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Nawa kuwa sai da na ɓoye su a cikin mayafi.

Ƙit.

Baƙi... baƙi... sai allon ya washe. Ga hotonmu na ranar da na gama makaranta, Baba ya riƙe hulata yana dariya.

Ya buɗe jakar muryoyin, sun fi ɗari biyu. Ya matsa gefe. "Zaɓi."

Na kasa. Na danna na farko kawai.

Aka ji shuuu, aka ji tari, sai muryar ta cika ɗakin.

"Yana ɗauka? To... Bismillah. Auta! Rage rediyon nan, muna aiki!" Aka ji ƙarar kofi. "Kai kuma ɗana, kofi na uku ke nan fa. Tun ɗazu ka gama haɗa abin nan. Gyara ka zo yi, ko ƙofar kicin ka zo gadi?"

Sai muryar Mai Gyara, can ƙasa-ƙasa: "Baba, ai... wayar ce nake dubawa."

"Wayar tana nan, idonka yana can. To ka ji, 'yar nan tawa zuciya gare ta kamar ashana. In ta kama, kar ka biye mata, ka bari ta cinye. Ba ta da riƙo."

Umma ta toshe baki da zani, tana kuka tana dariya. Yaya ya juya mana baya, kafaɗunsa suna girgiza. Da ya juyo, sai ya miƙa wa Mai Gyara hannu biyu.

"Na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Ya wuce, Yaya."

"Ka turo manyanka," Umma ta ce tana share ido. "Mai gidan ya riga ya yi magana."

Suka fita suka bar mu, ƙofa a buɗe. Ya ciro abin kwafi ya soka, ya zauna yana kallon muryoyin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ko kallona bai yi ba.

"Masoyina..."

Ya ci gaba da kallon allon.

"Rabin raina, ka ji fa abin da Baba ya ce. Kar ka biye mini."

"Baba bai ce ki kira ni ɓarawo ba."

"Na tuba. Wallahi na tuba! In na ƙara yanke maka hukunci ban tambaye ka ba, duk abin da ka ga dama ka yi mini."

"Har yanzu ina fushi."

"Na sani."

"Zan kai mako ina yi."

"Ka yi wata ma, ina nan."

Ya mayar da murfin, ya ciro sababbin sukurori biyu ya ɗaure. Sannan ya laluba aljihu, ya miƙo mini 'yar kwalbar ba tare da ya juyo ba.

"Ɗiga, Auta. Hannunki ya fi nawa daidai."

Ƙarya yake yi, hannuna rawa yake kamar me, har jan farcen ya zuba a yatsansa. Ya dubi yatsan, ya dube ni, ya ƙi gogewa.